Shirun Agogo

Ran Talata na makara.
Kafin in isa Farin Gada an sauke dankalin Bokkos,
an rabe buhuna, an bar ni da cizon yatsa.
Ban zargi ruwan Agusta ba, ban zargi bargo ba,
na dawo neman mai laifi a bayan gida.

Ga shi can gindin fiya ya takure,
jan zakaran da muke kira Agogo.
Shekara uku yana tsaga sanyin Jos da maƙogwaro
tun ladanin Gangare bai taɓa lasifika ba.
Yau zanko ya kwanta gefe kamar hular wanda ake bi bashi,
yana buɗe baki, yana haɗiyar iska,
cara ta ƙi fita.
Na watsa tsaki, kaji suka yi rububi,
shi ko kallo.

Unguwa ba ta rasa likitoci.
Tasalla ta leƙo ta katanga: "Fakat ne, killace shi,
bara haka ya share mini akurki."
Cindo mai faci ya ce tsoro ne kawai,
tun da aka kawo wani farin ƙato gidan Barau
ya ƙwace masa asuba.
Aka jiƙa barkono, aka daka gautan kaji,
aka barbaɗa toka ƙarƙashin fiffike saboda ƙuma.
Mahauci ya gifta yana wasa wuƙa da ido:
"Sabo da kaza dai... kawo shi kafin ya zama mushe."

Ran Juma'a sai ga Kaneng, 'yar maƙwabcinmu Davou,
mai karatun dabbobi a Vom.
Ta naɗe shi a zani kamar jinjiri,
ta kara kunne a ƙirjinsa,
ta haska maƙoshi da fitilar waya,
ta tambayi launin kashinsa, ko wuya na murɗewa.
"Ban ga alamar fakat ba.
Akurkinku na yoyo, danshi ya kama shi,
majina ta tare hanya.
A ware shi, ga magani a ruwa, kwana biyar.
Murya ba ta tafiya haka kawai."

Ba ta rufe baki ba tari ya taso daga zaure,
mai tsawo, mai kankare ƙasan tukunya.
Ta juyo: "Baba fa, tun yaushe?"
Na buɗe baki irin na zakaran,
ba abin da ya fita.

Tun yaushe?
Mutumin da ya ci shekara talatin a ramin kuza,
wanda in ya ƙwala mini kira a Dilimi
sai 'yan Rikkos su amsa,
yanzu sallamarsa sai ka matso.
Ya bar jan sallar magariba tun azumi, muka ce tsufa.
Ya daina musu da rediyo, muka ce ya huce.
Tuwo ya koma kunu,
kunu ya koma rabin kofi,
riga ta yi masa yawa, muka ce tela ne.
Zakara ya yi shirun kwana ɗaya na gane,
don ya taɓa mini aljihu.
Ubana ya yi wata shida yana dusashewa
a ɗakin da ke jikin nawa.

Litinin muka hau keke zuwa asibitin Lamingo.
Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki a 'yar kwalba,
aka ce mu dawo jibi.
A hanya ya dafa gwiwata,
ya ce da ragowar murya:
"Ka gyara rufin akurkin nan."

Na gyara.
Yau da asuba Agogo ya gwada.
Cara ta fito rabi, a karye,
kamar ƙyauren kwano mai tsatsa,
farin gidan Barau ya danne ta nan take.
Ban zabura don kasuwa ba.
Na kwanta, kunne a jikin bango,
ina jiran ɗaya muryar.